Waƙar Beyoncé ta hau saman jadawalin kantiri, amma shin mutanen Nashville sun karɓe ta?

Auwal_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masu bibiyar kiɗan Amurka a cikinmu, musamman wanda ake kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin ƙasar da ake yi da jita da goge da banjo. A ranar 11 ga Fabrairun 2024, daren wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, Beyoncé ta saki waƙar "Texas Hold 'Em", kuma tun makon farko ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard, inda ta yi mako 10 a jere. Ta kuma kai na ɗaya a babban jadawalin Hot 100 da ya haɗa kowane irin kiɗa, haka ma a Birtaniya. Amma da CMA, babbar ƙungiyar masu sana'ar kantiri da ke Nashville, birnin da ke cibiyar wannan sana'a, ta fitar da sunayen 'yan takarar kyaututtukanta a watan Satumba na shekarar, ba a ga waƙar ba, ba a ga kundin "Cowboy Carter" da ta fito a cikinsa ba, ko da a rukuni guda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda waƙa za ta yi sama da wata biyu tana kan gaba a wani fanni, sannan masu fannin su wuce ta kamar ba su ji ta ba. Wariyar launin fata ce kawai, ko akwai wani dalili na sana'a da mu na nesa ba mu gani?

Danladi_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Malam Auwal, amsar a fili take. Ita ce baƙar fata ta farko da ta taɓa hawa saman wannan jadawali, kuma abin bai yi musu daɗi ba. Da a ce farar mace ce ta yi wannan nasara, da sun cika mata hannu da kyaututtuka a daren.

Malam_Ilu_Samaru:
Ɗan'uwa Danladi, akwai gyara a maganarka, kuma gyaran yana da tasiri a kan muhawarar. Beyoncé ita ce baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin, amma maza baƙaƙe sun riga ta da shekaru masu yawa. Charley Pride, ɗan jihar Mississippi, ya fara kaiwa na ɗaya a 1969, ya yi haka kusan sau 30 a rayuwarsa, kuma ita wannan CMA ɗin ce ta ba shi kyautarta mafi girma a 1971. Darius Rucker ya kai na ɗaya a 2008, Kane Brown ma ya kai bayansa. Saboda haka ba za a ce ƙofar a kulle take gaba ɗaya ba. Sai dai tarihin Pride kansa bai wanke Nashville ba, domin lokacin da kamfanin RCA ya fara aika faya-fayansa gidajen rediyo, ya aika su ne babu hotonsa, don masu sauraro su saba da muryar kafin su san launin mai ita. Ga mata kuwa abin ya fi tsanani. Linda Martell ita ce baƙar mace ta farko da ta yi waƙa a Grand Ole Opry, shahararren dandalin kantiri na Nashville, a 1969, waƙarta mafi tashe ta tsaya a matsayi na 22, ta fitar da kundi ɗaya a 1970, daga nan sana'ar ta kuɓuce mata. Shekara 55 ke nan tsakanin shigar Martell wannan dandali da hawan Beyoncé saman jadawali.

TsohonMaiRediyo:
Na yi shekaru ina haɗa shirye-shiryen kiɗa a gidan rediyo kafin na ajiye aiki, don haka bari in taɓa ɓangaren da nake ganin shi ne tushen tambayar Malam Auwal. Billboard tana da manyan jadawalin waƙoƙin kantiri guda biyu, kuma abin da kowanne yake aunawa daban ne. Wanda Beyoncé ta hau, mai suna Hot Country Songs, an sauya masa tsarin lissafi a watan Oktoban 2012. Daga lokacin ake haɗa yawan sauraro ta intanet, da yawan waɗanda suka sayi waƙar, da yawan sanya ta a kowane gidan rediyo, ko da gidan ba na kantiri ba ne. Ma'ana, da zarar Billboard ta yarda cewa waƙa kantiri ce, duk wanda ya saurare ta a Amurka yana ƙara mata maki, ko da bai taɓa kunna tashar kantiri ba a rayuwarsa. Mawaƙiya mai miliyoyin masoya irin Beyoncé tana iya hawa samansa cikin mako guda. An ga irin haka tun makon da aka yi sauyin, lokacin da wata waƙar Taylor Swift da gidajen kantiri suka riga suka ja baya da ita ta yi tsalle zuwa na ɗaya, sannan waƙar Bebe Rexha da Florida Georgia Line ta yi mako 50 a wurin daga ƙarshen 2017.

Na biyun, Country Airplay, yana ƙirga abin da gidajen rediyon kantiri kaɗai suka sanya, kuma shi mutanen Nashville suka fi ɗauka da muhimmanci. A wannan jadawali "Texas Hold 'Em" ba ta shiga cikin 30 na farko ba. To, Malam Auwal, waƙar ta zama ta ɗaya a wajen jama'ar da ke sauraro ta waya, amma a wajen masu zaɓen abin da za a sanya a tashoshin kantiri ba ta taɓa kusantar gaba ba. Waɗannan masu zaɓe kuwa ba su da yawa, domin tun bayan dokar sadarwa ta 1996 kamfanoni ƙalilan irin su iHeartMedia da Cumulus da Audacy suka mallaki ɗaruruwan tashoshi. Masu jefa ƙuri'a a CMA kuma 'yan sana'ar ne, wato ma'aikatan rediyo da na kamfanonin faifai, da marubuta waƙa, da makaɗa, da masu shirya wasanni. Abin da suka zaɓa ya bi abin da rediyonsu ya sanya. Tambayar da ta rage ita ce dalilin da ya sa rediyon bai sanya ta ba.

Hadiza_Houston:
Na gode Baba TsohonMaiRediyo, ka fayyace abin da ni ma da nake zaune a Texas ban taɓa fahimta sosai ba. A nan Houston, garin haihuwarta, waƙar ta cika gari a lokacin. A kanti za ka ji ta, a wurin biki za ka ga an yi sahu ana rawarta, farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko, kuma ta zo daidai lokacin babban bikin dabbobi da sukuwar kaboyi da ake yi a garin duk shekara tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris. Masu cewa ita baƙuwa ce a wannan al'ada ba su san Texas ba. Akwai baƙaƙen fata masu kiwon shanu da hawan doki tun kaka da kakanni, akwai ƙungiyoyinsu na mahaya da ke shigowa gari a kan dawaki lokacin bikin, kuma ita kanta ta yi wasa a dandalinsa tun shekarun baya.

Game da rediyo kuma, kwana biyu bayan fitar waƙar wani mai sauraro ya roƙi tashar KYKC da ke garin Ada a Oklahoma ta sanya masa ita, aka ba shi amsa cewa su tashar kantiri ce, ba sa sanya Beyoncé. Da maganar ta bazu a intanet sai shugaban tashar ya ce ba su san ta fitar da sabuwar waƙa irin tasu ba, suka kuma fara sanya ta. Ina iya yarda da uzurinsa, amma amsar farko ta nuna cewa da jin sunanta aka yanke hukunci, tun ba a ji kiɗan ba.

Nura_Fagge:
Hajiya Hadiza, ina girmama abin da kika gani da idonki, amma ina ganin ana ɗora wa Nashville laifin da ya fi ƙarfin abin da ta aikata. Beyoncé da kanta ta rubuta a Instagram, kwanaki kaɗan kafin kundin ya fito a ranar 29 ga Maris, cewa kada a ɗauke shi kundin kantiri, kundin Beyoncé ne. Wanda ya saurare shi kuma ya san gaskiya ta faɗa, domin akwai raf a ciki, akwai rok, akwai har waƙar gargajiyar Italiya. Yaya za a zargi ƙungiyar kantiri da ƙin karrama abin da mai shi ta ce ba kantiri ba ne?

Sannan sana'ar tana da hanyar da ake bi. Sabon mawaƙi yakan yi watanni yana zagaya tashoshi ɗaya bayan ɗaya, yana gaisawa da masu shirye-shirye, yana yi musu waƙa a ofis da jita, yana zama da marubutan Nashville, kuma waƙa takan yi wata shida ko fiye tana hawa a hankali kafin ta kai sama. Beyoncé ba ta yi wannan zagaye ba, kuma cikin waɗanda suka rubuta waƙar tare da ita har da 'yan Kanada da suka fito daga fagen pop. Luke Bryan, ɗaya daga cikin waɗanda suka gabatar da bikin CMA na 2024, ya faɗi makamancin haka, cewa mai son shiga duniyarsu ya zo ya zauna da su. Baƙon da ya shigo gari bai gaida mai unguwa ba, ba zai yi mamaki ba idan ba a kira shi rabon gona ba.

Hadiza_Houston:
Malam Nura, ai a wancan rubutu da ka ambata ne ta bayyana dalilin da ya sa ba ta je gaisuwar ba. Ta ce kundin ya samo asali ne daga wani wuri da ta je shekarun baya ta ga ba a yi maraba da ita ba, kuma kusan kowa ya fahimci bikin CMA na 2016 take nufi, inda ta hau dandali a Nashville tare da ƙungiyar mawaƙa mata ta Dixie Chicks, aka bi ta da zagi a intanet, wani ma na ƙabilanci tsagwaronsa. Wadda ta zo sau ɗaya aka yi mata haka, da wane ido za a ce ta dawo ta bi ofis-ofis tana neman yarda? Kuma a cikin 2024 ɗin Post Malone, wanda ya yi sunansa a raf da pop, ya saki waƙar kantiri tare da Morgan Wallen a watan Mayu, rediyon ya ɗauke ta nan take har ta kai na ɗaya, CMA kuma ta sanya shi a takara.

Nura_Fagge:
Post Malone ya je Nashville ya yi aikin kundinsa da marubutan garin da manyan mawaƙansa, wanda shi ne ainihin abin da nake faɗa. Kuma ga misalin da ya fi wannan ƙarfi. Waƙar da ta sauke "Texas Hold 'Em" daga saman jadawalin a farkon Mayu ita ce "A Bar Song (Tipsy)" ta Shaboozey, wanda baƙar fata ne, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, an haife shi a Virginia, iyayensa 'yan Najeriya ne. Shi ne karon farko da baƙaƙen fata biyu suka gaji juna a wannan matsayi. Waƙarsa an gina ta ne a kan wata tsohuwar waƙar raf ta 2004, amma duk da haka rediyon kantiri ya karɓe ta har ta kai na ɗaya a jadawalin da Baba ya ce sun fi ɗauka da muhimmanci, ta yi mako 19 a saman Hot 100, CMA kuma ta sanya shi takara a rukuni biyu. Idan launi ne kaɗai matsalar, ta ina shi ya bi ya wuce?

Danladi_Bukuru:
Ya shiga takara a rukuni biyu, ya fita hannu rabbana, alhali babu waƙar da ta kai tasa daɗewa a saman Hot 100 a shekarar. Wannan ma abin dubawa ne.

Umma_Damagaram:
Ina bin zancen tun farko, kuma ina ganin Malam Ilu ya taɓo wani abu da aka wuce da sauri. Duk sunayen baƙaƙen da aka lissafa cewa sun yi nasara a rediyon kantiri maza ne, daga Pride zuwa Rucker zuwa Brown zuwa Shaboozey. Rediyon yana da matsala da mata tun kafin a zo maganar launi. A 2015 wani mai ba tashoshin shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce tashar da ke son masu sauraro ta rage sanya waƙoƙin mata, kada ta jera biyu a jere, maganar da ta tayar da ƙura amma ta bayyana abin da ake yi a ɓoye. Su ma Dixie Chicks da Hajiya Hadiza ta ambata, farare ne 'yan Texas da ke kan ganiyarsu a 2003, amma da jagorarsu ta soki Shugaba Bush a wani wasa a Landan gab da yaƙin Iraƙi, tashoshi da dama suka daina sanya su gaba ɗaya. To mace, kuma baƙa, kuma wadda aka san ta da magana a kan 'yancin baƙaƙen fata, ta haɗa abubuwa uku da masu tashoshin ke gudu saboda tsoron kada masu sauraronsu su juya akala. Misalin Shaboozey bai rushe wannan ba, Malam Nura, domin ɗaya daga cikin ukun kaɗai ya shafe shi.

Baba_Garba_Kawo:
'Ya'yana, ku ba dattijo dama ya sa baki. Mu da muka tashi a Kaduna a shekarun 1970 da 1980, kiɗan kantiri ba baƙonmu ba ne. A shagon tela, a motar haya mai zuwa Jos, a gidan malamin makaranta ranar Lahadi da safe, kaset ɗin Don Williams ko Jim Reeves ko Kenny Rogers ko Dolly Parton ne ke juyawa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar launin mai waƙar. Abin da ya ja mu shi ne natsuwar muryar da kuma labarin da ke ciki: mutum ya rasa matarsa, uwa ta ɗinka wa 'yarta riga da tsummoki saboda talauci, manomi yana kewar garinsu. Ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba yana bin zancen, saboda ana furta kalmomin a hankali.

Jikata ta sanya mini wannan waƙa ta Beyoncé, na kuma saurare ta da kyau. Kiɗan yana da daɗi, banjon da ya buɗe ta ya burge ni, amma waƙar rawa ce, ban ji labarin da zan riƙe ba. Ɗayar da ta saki a rana ɗaya, "16 Carriages", wadda take ba da labarin yadda ta bar gida tana ƙarama ta shiga wahalar neman na kai, ita ce ta fi kama da abin da na sani, amma ba ita ta yi tashe ba. Sai dai don adalci, yawancin abin da jikokina suka nuna mini cewa rediyon Nashville yana sanyawa yanzu, shi ma ban gane shi ba. Idan da ma'aunina za a yi aiki, ba Beyoncé kaɗai za a bari a waje ba.

Sani_MaiGurmi:
Baba Garba, Allah ya ƙara girma. Banjon da ya burge ka, Rhiannon Giddens ce ta kaɗa shi, kuma ba banza aka ɗauko ta ba, domin ta shafe shekaru tana tunatar da Amurkawa asalin wannan abin kiɗa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka, da duma da fata da sanda, kamar yadda suka saba a gida. Ni da nake kaɗa gurmi, ranar da na ga hoton tsohon banjo na duma sai da na tsaya, saboda ƙirar kusan ɗaya ce da abin da ke hannuna. Ita Giddens ɗin ce kuma ta samu kyautar Pulitzer a 2023, tare da Michael Abels, a kan wasan waƙe da suka shirya game da Umar bin Sa'id, malamin nan na Futa Toro da aka bautar a Carolina, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. A wurina sanya banjonta a farkon waƙar shi ne babban saƙon, tun kafin a buɗe baki.

Malam_Ilu_Samaru:
Malam Sani ya yi gaskiya a kan asalin banjo, sai dai mu yi hattara kada mu ja shi zuwa ƙasar Hausa kai tsaye. Gurmi da molo da garaya dangi ne na wani babban gida na kayan kiɗa masu tsirkiya da ya bazu daga Senegal har Chadi, kuma wanda masu bincike suka fi dangantawa da banjo, ta fuskar ƙira da yadda ake kaɗawa, shi ne akonting na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya. Yadda ya koma hannun farare kuwa labari ne mai ɗaci, domin tun daga shekarun 1830 masu wasan kwaikwayo farare da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi ne suka yaɗa shi.

Rabuwar kiɗan gida biyu ita ma ta kasuwa ce. A shekarun 1920 kamfanonin faifai suka riƙa sayar da kiɗan talakawan kudu da sunaye biyu, ɗaya don baƙaƙe ɗaya don fararen ƙauye, alhali makaɗan suna koyo a wajen juna. Hank Williams, ɗaya daga cikin manyan taurarin kantiri, ya koyi jita a wajen wani baƙin makaɗin titi, Rufus Payne. Lesley Riddle ya yi yawon tattara waƙoƙi da A.P. Carter na gidan Carter, waɗanda ake ɗauka iyayen kantiri. DeFord Bailey yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry har zuwa 1941 da aka sallame shi. Wannan ne ya sa idan aka ce wa baƙar mace 'yar Texas ta zo ta nemi izinin shiga, mutane da yawa suke jin zafin maganar.

AbuHafsat:
Ina neman afuwa idan na karkatar da zancen, amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Sunan waƙar sunan wani nau'in cacar karta ne, kuma a cikinta akwai kiran zuwa mashaya da ambaton barasa da kalmomin da ba su dace ba. Ta Shaboozey ma daga farko har ƙarshe zancen shan giya ne. Muna ta jayayya a kan ko an yi musu adalci, ba mu tambayi ko abin da suke rerawa ya cancanci mu bari yaranmu su haddace ba, alhali waɗannan waƙoƙi sun shigo wayoyinsu ta TikTok.

Umma_Damagaram:
Malam AbuHafsat, damuwarka tana kan hanya, kuma ni uwa ce, ina tace abin da ake ji a gidana. Amma wannan bai bambanta waƙar da sauran abin da Nashville ke karramawa ba, domin barasa da mashaya suna cikin jigogin da suka fi yawa a kantiri na yau, kuma ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin Kenny Rogers da iyayenmu suka so a kan ɗan caca take. Ba don tsabtar kalmomi aka bar ta a waje ba. Mutum yana iya ƙin sauraron waƙa, ya kuma damu da ko an zalunci mai ita.

Auwal_Gwammaja:
Na ƙaru ƙwarai, musamman da bayanin jadawali biyu da Baba TsohonMaiRediyo ya yi. Amma bari in dawo da mu kan tambayar da wani abu da ya ƙara rikita ni. A ranar 2 ga Fabrairun 2025, a bikin Grammy, "Cowboy Carter" ya ci kyautar kundin kantiri mafi kyau, karon farko da baƙar fata ya ci ta, ya kuma ci kyautar kundin shekara gaba ɗaya. Kundin da CMA ba ta ga ya isa shiga takara ba, shi Grammy ta ce ya fi kowane kundin kantiri a shekarar. Cikin biyun wa ya yi kuskure?

Nura_Fagge:
Masu zaɓen ne suka bambanta, Malam Auwal. Grammy ta makaɗa da mawaƙa da injiniyoyin sauti ce daga kowane fanni a faɗin Amurka, kuma sun auna kundin a matsayin aikin fasaha, wanda ni ma ban musa ingancinsa ba. CMA kuwa an kafa ta a 1958 don bunƙasa kasuwar kantiri, kuma 'ya'yanta suna zaɓen waɗanda suke aiki da su duk shekara. Ka lura kuma cewa ita "Texas Hold 'Em" ɗin ta shiga takarar waƙar kantiri mafi kyau a Grammy amma ba ta ci ba, Kacey Musgraves ce ta ɗauka. Dolly Parton, wadda ta taya Beyoncé murna a bainar jama'a kuma muryarta tana cikin kundin, da aka tambaye ta game da CMA ta nuna ba ta ganin da gangan aka yi.

Danladi_Bukuru:
To me za ka ce game da abin da ya biyo baya? Watanni kaɗan bayan ta ci, a watan Yunin 2025, hukumar Grammy ta raba kyautar kundin kantiri gida biyu, na gargajiya da na zamani. Shekaru ana tafiya da rukuni ɗaya, sai da baƙar mace ta ɗauka aka ga ya kamata a raba.

TsohonMaiRediyo:
Danladi, lokacin da aka yi sanarwar dole ya sa mutane zargi, amma Grammy ta daɗe da irin wannan rabo a wasu fannoni kamar blues da R&B, kuma masu kantirin gargajiya sun jima suna kukan cewa masu haɗa shi da pop sun danne su. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwatanta 2019 da 2024. A Maris ɗin 2019 Billboard ta cire "Old Town Road" ta Lil Nas X daga jadawalin kantiri, ta ce ba ta da isassun siffofin kiɗan, sai waƙar ta je ta yi mako 19 a saman Hot 100. Bayan shekara 5 mujallar ba ta yi gardama a kan Beyoncé ko Shaboozey ba. A tsakani kuma, a 2023, Luke Combs ya sake rera "Fast Car" ta Tracy Chapman, rediyon kantiri ya kai ta na ɗaya, CMA ta ba Chapman kyautar waƙar shekara, baƙar mace ta farko da ta samu. Wasu sun ga ci gaba a nan, wasu kuma sun lura cewa sai da waƙar ta fito daga bakin farin namiji, shekara 35 bayan mai ita ta rera ta, sannan rediyon ya buɗe mata. Ina ganin dukkansu suna da hujja.

Hadiza_Houston:
Ni abin da nake sa wa ido yanzu ya wuce Beyoncé, domin ita ba ta buƙatar rediyon Nashville don ta ci abinci, ta gama kundin ta cika filayen wasa a 2025 da shi. A cikinsa ta gayyato matasa mata baƙaƙe huɗu, Tanner Adell da Brittney Spencer da Tiera Kennedy da Reyna Roberts, waɗanda kantiri ce sana'arsu, kuma suna bin hanyar da Malam Nura ya bayyana, suna zama da marubutan garin, suna hawa ƙananan dandamali. Sauraronsu ta intanet ya ƙaru bayan kundin ya fito, haka ma na Linda Martell da ta haura shekara 80. Amma ina kunna tashoshin kantiri a mota kusan kullum a hanyar aiki, kuma ban ji sun zama cikin waɗanda ake maimaitawa ba. Malam Nura, idan gaisuwa da zama da mutanen gari ne sharaɗin, waɗannan sun cika shi. Me ya hana a sanya su?

Nura_Fagge:
Tambayarki tana da nauyi, Hajiya, kuma ba zan ce launi ba ya ciki ba. Amma akwai ɗaruruwan matasa farare, maza da mata, da suka cika sharaɗin su ma ba a sanya su, saboda jerin waƙoƙin da tasha ke juyawa gajere ne, kuma manyan kamfanoni ƙalilan ne ke da kuɗin tura waƙa har ta shiga. Sai an duba wane kamfani ne ke bayan kowacce daga cikin huɗun, da ko ya taɓa tura waƙarta rediyo da gaske, kafin a san a wace ƙofa aka tsayar da ita, ta kamfanin ko ta tashar.

Umma_Damagaram:
Idan a ƙofar kamfanin aka tsayar da su, Malam Nura, ai kamfanonin ma a Nashville suke, kuma ma'aikatansu suna cikin masu jefa ƙuri'ar CMA da Baba TsohonMaiRediyo ya lissafa.